Amsa ga ƙanwarmu mai jiran gurbin likitanci

Ƙanwata, wallahi da na karanta tambayarki sai da na kife wayar na yi shiru. Kin ce kin ci 261 a JAMB, an yi muku tantancewa, har yau CAPS, shafin JAMB da ake ganin tayin gurbin karatu, bai nuna komai ba, kina tunanin ko ki koma kwas ɗin lafiyar al'umma tun ba a rufe ba. Haka na zauna a 2019 a Ƙauran Namoda, sai dai ni 254 na ci.

Ni abin da ya kashe ni ba maki ba ne, mutum ne. Abokin kawuna ne, yana cin tuwo a gidanmu. Ya ce yana da hanya a makarantar da na nema, suna kawai zai miƙa, amma sai an ɗan shafa wa na ciki wani abu. Baba malamin firamare ne mai ritaya. Raguna biyu yake turke da su don kasuwar babbar sallah, ya kai su kasuwa tun ba su gama ƙiba ba. Ana cikin haka makarantar ta turo mini tayi a CAPS, za su mayar da ni wani kwas na kimiyya. Na kira mutumin nan jikina na rawa. Ya ce, "Kar ki kuskura ki karɓa, ki ƙi. Sunanki na kan teburin oga." Na je shagon intanet, yaron shagon ya ɗora hannu kan linzamin kwamfuta ya tambaye ni har sau uku, "Anti, kin tabbata?" Na ce danna.

Jerin farko ya fito babu ni. Na biyu babu. Na ƙarshe na duba shi da asuba a tsakar gida, na bi sunayen da yatsa sau biyu. Wayar mutumin kuwa tun ranar a kashe. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, ya ɗauki buta ya fita. Kuma unguwa kowa "Dakta" yake kirana, har yara. Na daina zuwa biki. Sai ga korona a 2020, sai ga yajin aikin malaman jami'a na wata tara. Har yanzu in na ga turken ragunan nan a bayan ɗaki raina ɓaci yake.

To ki ji. Kada ki ba kowa sisi. Hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, ce ke ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin ɗaliban da za ta ɗauka, shi ya sa za ki ga mai 280 zaune a gida. Ba aljani ba ne, ba hannun dangin uba ba ne, kujeru ne kaɗan.

Abin da ban sani ba a lokacin: ba a riƙe gurbi biyu da lambar JAMB ɗaya. In kika canza kwas, kin fita daga layin likitanci. In kika danna karɓa a CAPS, shi ke nan na bana. Kuma sakamakon na shekara ɗaya ne, ba ya kwana. Don haka kafin ki taɓa komai, ki sa mayafinki ki je ofishin ɗaukar ɗalibai da ƙafarki, ki tafi da Baba ko yayanki, ki tambayi makin da suka tsaya a kai bara da inda kike a layi. In tazarar ta yi yawa, ki canza, kar ki tsaya jiran gawon shanu. In kina dab da layin, ki ɗan ƙara haƙuri, amma kullum ki leƙa.

Ni daga baya lafiyar al'ummar na karanta, kuma kar wanda ya ruɗe ki cewa rabin likita ce. Ba za ki duba mara lafiya ki rubuta magani ba. In farin kaya da abin sauraren ƙirji ne a ranki, zai yi miki ciwo, ni na shekara ina jin haushin ajin. Abin da ya sauko da ni darasin gubar dalma ne ta 2010 a Anka da Bukkuyum, inda yara kusan 400 suka rasu saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Likitoci sun ba da magani, amma sai da aka kankare ƙasar tsakar gidajen aka zuba sabuwa, in ba haka ba yaro ya warke ya koma cikin gubar. Sanƙarau na 2017 ma mu nan Zamfara muka fi kowa jin jiki. Wannan aikin, ƙirga masu cuta ƙauye-ƙauye da bin uwa ta kawo ɗa rigakafi, shi muke yi. Akwai rana, akwai hanya mai tsoro, ba sai na faɗa miki ba.

In kuma zuciyar ta ƙi, wasu kan gama digiri su nemi likitanci ta DE, wato shiga kai tsaye, su fara daga aji biyu, shekara biyar ke nan maimakon shida. Sai da sakamako mai kyau, kuma kowace jami'a da digirin da take karɓa, ki karanta sharuɗɗansu tun yanzu. Ki yi lissafin shekarunki, da maganar aure da na san an fara yi miki.

Mutumin nan kuwa na gan shi bara a wajen wani suna a Gusau, ya yi ƙiba abinsa. Wai har da ce mini, "Dakta, ya aiki?" Na gaishe shi don darajar kawu, na tashi na bar shinkafar ko taɓawa ban yi ba.