Filin Tambayi Bakanike: bututun baƙin mai na tagulla a tsofaffin motocin tsere

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Maigidana yana da Porsche 911 SC ƙirar 1981, ni nake kula da ita. Wani yaro a wurin facin taya ya kafa jak a ƙarƙashin ƙofar dama, ya lotse bututun tagulla guda biyu da ke bi ta wurin. Mai bai zuba, amma tun daga ranar allurar zafi take hawa idan muka shiga cunkoso. A gyara su, a ƙera wasu a Sana'iyya, unguwar makera da bakanikai, ko a yi odar sababbi? Daga wani direba a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allurar nan gaskiya take gaya maka. Injin wannan mota ba shi da ruwa, iska da baƙin mai ne ke sanyaya shi, shi ya sa take ɗaukar mai wajen lita 13, kuma man a tanki na daban yake zama. Idan ya yi zafi ya haura digiri 80 kaɗan, wani bawul mai jin zafi da ke cikin rumfar tayar baya ta dama yakan buɗe, ya tura man ta bututu ɗaya zuwa masanyayar mai, wato na'urar sanyaya shi, da ke cikin rumfar tayar gaba, ya dawo ta ɗayan. Su kansu bututun suna zubar da zafi a hanya, dalilin yin su da tagulla ke nan. To idan aka lotse ɗaya ya zama kamar bakin agwagwa, man zai riƙa wucewa da ƙyar. A Jamus mota za ta iya shekara a haka ba a lura ba. A Titin Madina da azahar cikin watan Yuli ba za ta ɓoye ba. Zafin mai tsakanin 80 da 100 lafiya ne. Idan ya doshi 120, a tsaya a gefe.

Kafin maganar gyara ko saye, wurin da aka fi yin asara shi ne wajen kwancewa. Notin da ke riƙe bututun na ƙarfe ne, gidan bawul ɗin kuwa na alminiyum, sun shekara arba'in suna cin juna, ga raɓar gishirin Jidda. Wanda ya sa dogon sifana ya hau da ƙarfi zai ga notin ya fito da tiredin alminiyum a cikinsa, shi ke nan an koma neman bawul. A wanke wurin, a jiƙa shi da man sassauta tsatsa kwana biyu, a ɗan ɗumama notin, sannan a yi aiki da sifana biyu, ɗaya na riƙe ɗaya na juyawa. Lamba 36 da 32 ake bukata, masu siraran baki. In ya ƙi, a tsaga notin da ƙaramin dutsen yanka ta gefe biyu, a tsaya kafin a taɓa tiredi, a buɗe shi da kurfi. Noti abu ne mai araha. Sau da yawa ma ya fi sauƙi a sauke bawul da bututun gaba ɗaya, a raba su a kan benci.

Idan lotsawa ce kawai, babu tsaga babu kaifin lanƙwasa, tana tashi. A wanke cikin bututun sarai da sabulun cire maiƙo da ruwan zafi har ruwan ya fito fari, a busar. Ban da fetur, don wuta za a sa. A toshe baki ɗaya, a ɗaura bawul ɗin taya a ɗayan, a ba shi iska mai matsin kamar bar 5. Sai a bi gefen lotsawar da wutar gas a hankali, ana zagayawa. Tagullar na yin laushi za ka ga iskar tana turo ta waje kamar ƙullin fanke a mai. Tana kusa daidaita a janye wuta. Wanda ya tsaya neman ta koma sumul, wurin zai kumbura ya fashe. A sa gilashin ido, kada kowa ya tsaya saitin bakin bututun.

Inda ya tsage ko ya tsuke ƙwarai, a yanke wurin a yi masa riga. Kaurin bututun milimita 22 ne daga waje, amma a auna naka da ma'aunin makaniki kafin a sayi komai. Mai makarata, wato injin gurzar ƙarfe, zai fitar maka da riga ta tagulla wadda za ta hau kowane ɓangare da milimita 12 zuwa 15, da sarari tsakani da bai wuce kaurin takarda ba, kamar kashi ɗaya cikin goma na milimita. A wannan ɗan sararin ne narkakkiyar azurfa ke shiga da kanta ta zagaye.

Sandar walda ita ce ke raba aikin kirki da na banza. A nemi ta azurfa mai kashi 45 zuwa 56, da hodarta. Mai kashi 56 tana narkewa a wajen digiri 650, tagulla kuwa sai ta haura 900, ka ga akwai tazara. Sandar tagulla ta masu walda da iskar gas tana narkewa dab da inda bututun kansa yake narkewa, kafin ta gudana an huda shi. Dalmar masu gyaran lagireto tana narkewa tun ƙasa da digiri 200, ba ta jure zafin mai da girgiza tare. Sai sandar masu gyaran na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke da sinadarin fosfaras: tana kama jan ƙarfe da kyau, amma idan ta haɗu da baƙin ƙarfe, kamar bakin da noti ke zama a kai in na ƙarfe ne, haɗin yakan yi gautsi ya ɓalle. In ka ga farin hayaƙi na tashi daga tagulla, tutiyar cikinta ce ke ƙonewa, wuta ta yi yawa, kuma shaƙarsa na sa zazzaɓi.

Ƙera sabo daga farko yana yiwuwa, sai dai ba aikin kowace warsha, wato shagon ƙira, ba ne. Ana neman bututun tagulla marar ɗinki, mai kashi 63 zuwa 70 na jan ƙarfe, kaurin bango milimita ɗaya, tsawo ya haura mita biyu. Tsohon bututun shi ne ma'auni, kada a yar da shi, kuma a ciro bakunansa a mayar a kan sabon, tiredinsu M30 ne mai tazarar milimita 1.5. A gasa wurin da za a lanƙwasa har ya yi ja-ja a inuwa, a bar shi ya huce, a lanƙwasa da injin da ke da bakin 22, kada gwiwar ta fi ninki uku na kaurin bututun matsewa. Masu cika bututu da yashi su tabbata busasshe ne ƙurmus, don damshi na zama tururi ya harbo toshiyar. Ni dai ba na son yashi a hanyar mai: ƙwaya kaɗan ta maƙale, ta isa ta cinye metal ɗin inji. Za a ce maka ga bututun jan ƙarfe na na'urar sanyi mai inci bakwai bisa takwas, kusan kauri ɗaya. Zai fitar da kai kunya na ɗan lokaci, amma ya fi laushi, kuma girgiza na sa shi ya taurare ya tsage a gindin noti.

Ko gyara aka yi ko ƙira, a wanke hodar walda da ruwan zafi, a toshe, a ba shi iska bar 10 a cikin kwatarniyar ruwa, a jira minti goma. Kumfa ɗaya ta isa a sake.

Ra'ayinmu: in lotsawa ɗaya ce ko biyu, a gyara na asali. In ya sha faci ko ya yi kore ya ɓurme a ƙarƙashin maƙalai, a yi oda. Har yanzu ana ƙera irinsu a Jamus da Amurka, har da masu fiffike don ƙarin sanyi. A bayar da lambar shasi, domin na ƙirar farkon shekarun 1970 sun bambanta da naka. Tsawonsu na sa kuɗin dako ya yi nauyi, ga kwastan da harajin kashi 15, kuma a roƙi a saka su cikin akwati mai ƙwari. A wurin masu sayar da kayan matattun motoci da wuya a dace, in ma an samu galibi injin ɗaga kaya ya riga ya taka su. Wajen ɗaurawa a sa sababbin robobin maƙalai, a shafa man hana kamawa a tiredi, ban da farin tef na masu famfo, domin bakin ƙarfe ne ke toshe ƙarfe. A tayar da mota har bututun ya yi zafi a hannu, sannan a auna mai tana aiki a kan shimfiɗaɗɗen wuri.

TAMBAYA: Baba ya bar mana MG TD ta 1952. Siririn bututun da ke kai mai ga agogon matsi ya tsage, na sayi wani noti a kasuwa ya shiga zagaye biyu ya cije. Daga wata mai karatu a Riyad.

AMSA: Hajiya, kada a matsa shi. Tiredi uku ne suke kama da juna a ido: na Ingila mai haƙora 28 a inci, na Amurka mai 27, da na mita, M10 mai tazarar milimita ɗaya. Kowanne zai shiga zagaye biyu a ramin ɗan'uwansa sannan ya ɓata shi. Agogunan Ingila na zamanin galibi mai 28 ne, da ƴar ƙaramar washa a ciki, wadda in ta faɗi mai zai ɗiga a kan ƙafar direba. Injin TD kuma yana da nasa halin: tiredinsa da yawa na mita ne alhali kawunan notin na sifanan Ingila ne. A kai tsohon notin wurin mai makarata ya auna. Sabon bututun a yi shi da gaurayen jan ƙarfe da nikel, irin na birki, a sa guntun tiyo mai jure matsi tsakanin inji da bodi. Washar jan ƙarfe in babu sabuwa, a gasa tsohuwar ta yi ja a tsoma a ruwa, za ta yi laushi ta sake toshewa.

TAMBAYA: Za a iya goge bututun tagullar su yi ƙyalli? Daga Makka.

AMSA: Za a iya, Alhaji, amma a duba gwangwanin man gogewar, in da ammoniya a ajiye shi. Tagullar da aka lanƙwasa ba a gasa ba, ammoniya na tsaga ta. Sojojin Ingila a Indiya sun ga haka a kwanson harsasan da suka ajiye a bargar dawaki da damina, fitsarin dawakin ne sanadi. Don haka motar da ke kwana a istiraha, wato gidan shaƙatawa, kusa da garken tumaki, a sake mata wuri. Bayan lanƙwasa, awa ɗaya a zafin digiri 250 zuwa 300 na sauke wa tagulla wannan gajiyar. Na ƙarƙashin mota kuwa siririn baƙin fenti ya fi musu ƙyalli amfani, ban da kwalta mai kauri, don tana riƙe zafi.