Amsa: Tsiro a bakin hanyar fitsari, ƙonawa da magani ya isa?

'Yar'uwa, sannu da jinya, Allah ya ba Mama lafiya. Kin ce likita ya ga ɗan jan tsiro a bakin hanyar fitsarinta, ya ce ba ciwon daji ba ne, kuma yana so ya ƙona shi da magani.

Irin wannan tsiron ya fi fito wa matan da suka daina al'ada, saboda estirojin, wani sinadari na jikin mace, ya ragu, fatar wurin ta yi siriri. Shi ya sa galibi akan fara da man estirojin da zama cikin ruwan ɗumi, wasu da hakan kaɗai yake motsewa.

Ƙonawar kuma ba wuta ba ce. Wani ɗan tsinke ne kamar ashana mai tsawo, an shafa wa kansa silba naitiret, wato maganin da ke ƙona tsiron. Likita ya ɗan dangwala shi a kan tsiron na 'yan daƙiƙu, nan take wurin ya yi toka-toka, daga baya ya yi baƙi ya ɓare. Kada baƙin ya tsorata ku, aikin maganin ne. Za ta ji raɗaɗi in tana fitsari kwana ɗaya ko biyu, kuma wani lokaci sai an maimaita.

Amma don Allah kar a gwada a gida. In ƙunar ta shiga ciki, tabo na iya tsuke hanyar, fitsari ya riƙa fita da ƙyar. In tsiron yana da tauri, yana girma, ko jini ya ƙi tsayawa, ku nemi a yanko ɗan yanki a kai ɗakin gwaji kafin a ƙona.