Amsoshin Tambayoyinku: Wace Sana'a Ce Ke Riƙe da Mazan Ƙasar Kura a Yau?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu a nan Agadas, tun muna yara muke ganin iyayenmu suna naɗa rawanin da ake kira ɗan Kura, kuma an ce mana sunan wani gari ne a ƙasar Kano ya ci. Ina roƙon a yi mini bayani, shin har yanzu rini ne sana'ar mazan wannan yanki, ko sun koma wani abin? Daga wani mai karatu, Agadas, Jamhuriyar Nijar.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da aka faɗa maka gaskiya ne. Kura gari ne da ke kan hanyar Kano zuwa Zariya, tafiyar kilomita 30 da 'yan kai daga birni, kuma da rini ya yi suna tun zamanin fatake. Rawanin da ka ambata yakan bi ta hannun mutane da dama kafin ya iso gare ku. Manomi ne zai noma auduga da baba, mata su kaɗa zare, masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri ƙwarai, maɗinki ya harhaɗa shi, sannan marini ya yi ta tsoma shi a cikin ruwan baba da toka har ya kama. Daga nan sai mabuga su ɗora shi a kan gungume, su barbaɗa masa shuni, su yi ta bugu har ya ɗauki wannan ƙyallin da Buzaye ke so, wanda yake barin shuɗi a goshin mai naɗa shi.

Har yau akwai masu wannan aiki a Kura, amma sun yi ƙaranci, kuma galibinsu dattawa ne. Yadin kanti da sinadarin rini na zamani sun rage musu kasuwa, sai dai a ganina babban abin da ya sauya sana'ar mazan yankin shi ne ruwa. A shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, aka kuma haƙa manyan hanyoyin ruwa da suka ratsa ƙasashen Kura da Bunkure da Garun Malam, waɗanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da su. Magidancin da a da yakan shiga marina ko ya tafi cin rani da zarar an gama kaka, sai ya wayi gari gonarsa tana bukatarsa duk shekara: shinkafa da damina, alkama da tumatir da albasa lokacin sanyi, masara idan zafi ya kawo jiki.

Kada ka ɗauka cewa kowa manomi ne, domin noman ranin ya haifi sana'o'in da kakannin mutanen Kura ba su san su ba. Idan ka tsaya a kasuwar Kwanar Gafan da ke kusa da Kura lokacin da tumatir ke ganiyarsa, tun da asuba za ka ga matasa suna sauke kwanduna daga bayan babura da a-kori-kura, dillali yana ɗaga ganyen da aka rufe kwando da shi yana duba ko an yi wa ƙasan algus, 'yan dako kuma suna loda manyan motocin da za su nufi Legas. Bayan waɗannan akwai makanikan injin ban-ruwa, da masu sayar da taki da maganin feshi, da masu yanka tumatir su shanya shi ya zama kauɗa idan kasuwa ta faɗi. A cikin garin Kura kuwa, injinan casar shinkafa sun ɗauki maza masu yawa, daga mai kula da inji zuwa mai awo da mai ɗinke buhu.

Abin da ya fi damuna shi ne, yawancin waɗannan matasa 'yan ƙwadago ne a gonar wani, ana biyansu kullum ko a kan aiki, don haka duk abin da ya taɓa amfanin gona su yake fara kayarwa. A shekarar 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kadawa, wani yankin noman rani da ke kusa da Kura, da kewayenta, mai gona ya yi asara, amma ɗan dako da mai tsinka su ne suka kwana babu na cefane. Haka kuma idan ciyawar kacala ta toshe hanyar ruwa, waɗanda gonakinsu ke can ƙarshen layi sai su rasa ban-ruwa a daidai lokacin da shuka ta fi bukata.

Ba na ganin laifin saurayin da ya zaɓi gona a kan marina, tun da rini yana cin shekaru kafin mutum ya ƙware, alhali aikin gona yana ba shi kuɗi a ranar. Duk da haka, Malam, idan kai ko wani naka zai sayi rawani, ka tambayi mai sayarwa ko bugun Kura ne na ainihi, ka kuma biya shi kuɗinsa, domin cinikin da ke zuwa daga wajenku yana cikin abin da ya sa sauran mabugan ba su rufe ba.