Amsa ga 'yar uwa mai lupus da ke son aikin rage tumbi

Sannu 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce prednisolone (pred), ƙwayar sitiroyid ɗin da ake ba mu, ya kumbura ki, gwiwa ta daina ɗaukarki, kina so ki ji ko ana yi wa mai lupus, ciwon nan da garkuwar jiki ke yaƙar jikin mutum, aikin rage tumbi. Ana yi, ni ma an min, amma dan Allah ki tsaya ki ji abin da ya same ni kafin nan.

Daga ƙauyenmu can wajen Ringim nake zuwa asibitin Malam Aminu Kano, likitata ta ce ba maganar aiki sai ciwon ya lafa na watanni, ƙoda lafiya, an rage min pred. Ana haka wani dillali mai haɗa wa mutane tafiya asibitin waje ya samu maigidana ya cika masa kunne, wai likitocin nan jan rai ne da su, kar a faɗa wa na can ina da lupus don za su ƙi, kuma in bar ƙwayar tunda ita ke kawo ƙibar. Maigida ya kwashe maganin ya kulle a akwati, shi a ganinsa taimakona yake. Wallahi ba a jima ba na fara amai, jiri, in na miƙe sai duhu, awon jinina ya yi ƙasa, cikin dare ga ruwan damina aka kwantar da ni a bayan a-kori-kura, Inna tana riƙe da kaina tana min kalmar shahada, yarana suna ihu a ƙofar gida. Likitan da ya karɓe ni ya ce wanda ya daɗe a kan pred jikinsa ya daina yin nasa sinadarin, in aka yanke farat ɗaya ana mutuwa. Dillalin nan ko sannu bai ce ba, kuɗin da muka sayar da shanun huɗa muka ba shi har yau shiru, kuma yana nan yana zuwa ɗaurin aure da babbar riga ana ce masa Alhaji. Allah ya isa, ban yafe ba.

Daga baya dai aka yi a Masar, da takardar likitata a hannu, suka ƙara min allurar sitiroyid lokacin aikin. Nawa na yanke tumbi ne, wajen kashi 80 cikin 100 suke cirewa, akwai kuma baifas, wanda ake sauya wa abinci hanya ya tsallake wani ɓangare na ciki da hanji, amma shi ya fi taɓa yadda magani ke shiga jiki, ki tambaya sosai. Ki ce a miki gwajin antifosfolifid, wasunmu jininsu na saurin daskarewa kuma bayan aiki abin tsoro ne. Ciwo ma ba ya saurin warkewa a jikinmu saboda magungunan, nawa ya daɗe yana ruwa.

Diclofenac da ibuprofen ɗin nan na kemis da muke watsawa in gaɓoɓi sun motsa, an hana ni, gyambon ciki suke kawowa. Wannan ya fi komai ba ni wahala da sanyin hunturu. Kuma lupus ba ta tafiya fa, gwiwa ce ta huta, suga ya sauka, amma hydroxychloroquine, maganin lupus ɗin, ina nan ina sha, ga B12 da maganin ƙarin jini da kalsiyam da bitamin D an ce har abada, kuɗi ne kowane wata, ki lissafa da maigida tun yanzu.

Sati 2 na farko ruwa-ruwa ne kawai, romo, kindirmo, koko tsararo. Tuwo yanzu loma kaɗan na ƙoshi, ba a haɗa ci da shan ruwa. In ƙodarki ta taɓu kar ki bi masu cewa ki dage da nama da ƙwai sai likita ya faɗi iya adadin. Ban san ko kin gama haihuwa ba, ni an ce in dakata wata 12 zuwa 18.

Sai kuma bakin mutane, dangin mijin da suke cewa ina ci ina kwance su ne yanzu ke raɗa wai ramar nan ba ta lafiya ba ce, gashi kuma ya zuba na wani lokaci. Azumin farko ban iya ba, na tambayi malam na rama daga baya. Miligiram nawa kike sha na pred yanzu, kuma yaushe rabonki da gwajin fitsari?