Na ci wasa 3-0 amma matakina ya sauka, me ya sa?

Malam, ka ce ka doke abokin karawarka 3-0 a gasar lig ta sikwash (wasan buga ƙwallo a bango da raket), amma da ka duba SquashLevels, shafin intanet da ke ba 'yan wasa lambar mataki, sai ka tarar lambarka ta ragu. Ba kuskure ba ne. Tsarin yana auna makin da ka ci ne da wanda ake sa ran za ka ci. Mai lamba 2,000 idan ya haɗu da mai 1,000, ana sa ran ya ci kusan ninkin makinsa, wato kamar 11-5 ko 11-6 a kowane zagaye. To in kai ne mai 2,000 kuma da ƙyar ka sha, 11-9, 11-9, 12-10, jimilla 34 da 28 ke nan, ka gaza abin da ake tsammani. Taka ta ɗan sauka, tasa ta hau, ko da shi aka doke.

Sai dai ka bincika yadda kyaftin ɗinku ya shigar da sakamakon. In 3-0 kawai ya rubuta ba makin kowane zagaye, kintace tsarin zai yi, kuma nan ne lissafi ya fi karkacewa. Ku riƙa ɗaukar hoton takardar alƙalin wasa kafin a watse.