Tambaya da Amsa: Kafin a Huda Kantar Kicin Don Murhun Lantarki

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi murhun lantarki mai kai huɗu, irin mai fuskar gilashi da ake binnewa a cikin kanta. Mai yi mini aikin kicin ya ce huda dutsen kawai za a yi a zura shi, sannan a jona shi a soket ɗin bango. Haka ne? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Hajiya, don Allah ki dakatar da shi tukuna. Huda dutse shi ne mai sauƙin aikin, wutar ce abin ji.

Ki kifa murhun a kan bargo, za ki ga 'yar takarda manne a ƙasansa da aka rubuta yawan wutar da yake ja. Mai kai huɗu yakan ja wat 6,000 zuwa 7,200. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, idan an raba 7,200 da 230 za a samu amfiya 31 da ɗoriya. Shi kuwa soket mai baki uku amfiya 13 ce iyakarsa, wato wajen wat 3,000. In aka jona murhun a nan, ko dai fis ya riƙa ƙonewa, ko kuma, in wani ya yi dabarar maye fis ɗin da guntuwar waya, soket ya narke wayar cikin bango ta kama. Gobarar da ta taso daga cikin bango kuwa ba a ganin farkonta.

Murhun nan layinsa daban yake so, tun daga akwatin raba wuta na gidan, ba tare da an raɓa masa firji ko butar shayi ba. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 6, bireka (makunnin da ke yanke wuta da kansa in an ja ta fiye da ƙima) mai amfiya 32, da na'urar nan mai yanke wuta da zarar ta fara yoyo, mai miliamfiya 30. Idan tsakanin akwatin da kicin akwai nisa sosai, ko murhun ya haura wat 7,400, a koma waya mai murabba'in milimita 10 da birekar da ta dace da ita. A sa makunni mai amfiya 45 wanda ke yanke wayoyi biyu lokaci guda, a gefen murhun da tazarar kamar santimita 30. Kada a sa shi a saman murhun, domin ranar da mai ya kama da wuta ba za ki miƙa hannu ta cikin harshen wuta ki kashe ba.

A kula da wayar da za a saya. Kasuwa cike take da wayar da aka yi wa wankan tagulla alhali cikinta alminiyum ne. A kankare bakinta da wuƙa, in ya yi fari a mayar wa mai ita. Wayar ƙasa kuma, mai launin kore da rawaya, wajibi ce, kuma a gwada a tabbatar tana da haɗi da ƙarfen da aka binne a ƙasa. Ita ce ke hana jikin murhun ya ja mutum. A bayan murhun akwai wasu ƙananan gadojin tagulla da ake jerawa daidai da irin wutar gida, mai layi ɗaya ko mai uku, kuma zanen yana nan a jikinsa. Kowane noti a ɗaure shi tam. Noti mai sako-sako shi ke yin zafi, har ki fara jin ƙaurin roba bayan 'yan watanni. Wannan aiki na mai wayarin ne da ke da takardar shaidar NEMSA, hukumar da ke kula da ingancin aikin lantarki a Najeriya, ba na mai dutse ba.

Sai an gama wannan ake zuwa kan kanta. Murhu mai faɗin santimita 60 yawanci raminsa 56 ne a faɗi, 49 daga gaba zuwa baya, amma a bi awon littafin da ya zo da shi. A bar aƙalla santimita 5 tsakanin ramin da bango. Kusurwoyin ramin a ɗan zagaye su, saboda daga kusurwa mai kaifi giranayit ke fara tsagewa. In kantar katako ce, a shafe bakin yankan da abin hana ruwa shiga. A liƙa siririn soson da ya zo a kwalin a kewayen gilashin, a ɗaure da maƙalansa ta ƙasa. Kada a manne shi da gam ko siminti, don ranar gyara sai an fasa gilashin kafin ya fito. A bar masa hanyar shan iska a ƙasa, musamman in akwai durowa ko tanda, abin zuƙe hayaƙi kuma ya yi sama da aƙalla santimita 65.

Tambaya: An haɗa mini nawa, yana kunnuwa, amma in na ɗora tukunya sai ya yi ta ƙara bai yi zafi ba. Ya lalace ne? Daga wata mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malama, alamu sun nuna lafiyarsa ƙalau. Irin mai aiki da maganaɗisu ne, shi kuwa ba ya dafa komai a tukunyar dalma ko ta alminiyum, balle ta ƙasa. Ki kara mayen ƙarfe a gindin tukunyar, in ya kama to za ta yi, muddin gindinta shafaffe ne. Idan tukunyar ta dace amma yana kashe kansa, a auna ƙarfin wutar, domin irinsa ba ya jure raunanniyar wuta.

Tambaya: Janaretana mai kilowat 3 zai iya ɗaukarsa? Daga wani magidanci a Gombe.

Amsa: Malam, kai ɗaya babba yakan ja wajen wat 2,000, saboda haka zai ɗauki ɗaya in an kashe sauran kaya masu nauyi. Da an kunna na biyu zai shaƙe. Ka sa mai wayarin ya ware layin murhun daga ɓangaren janareta, a ajiye tukunyar gas saboda ranar da aka ɗauke wuta.