Amsa ga ƙanena kan littattafan kimiyya da na aljanu da na ban tsoro

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da ƙarar babura, yanzu na sauka a Kwangila ina jiran mota, na ce gara in yi magana da baki don rubutun zai yi yawa.

Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya da daddare. Ka ce a ba ka sunayen sababbin littattafai na kimiyya, da na aljanu da tsafi, da kuma na ban tsoro, waɗanda suka cancanci mutum ya ɓata lokacinsa a kansu. To ni dai na san ka. Ba jerin sunaye kake nema ba, ai da jeri ne da intanet ta ba ka ɗari. Abin da kake tambaya shi ne wanne ne zai riƙe ka har ƙarshe, tunda duk wanda ka ɗauko sai ka ajiye a shafi na talatin, kana cewa ba ka ga kanka a ciki ba. To shi zan amsa maka.

Ka fara da Noor, na Nnedi Okorafor, ya fito a 2021. Kada ka fara da komai sai shi. Dalili kuwa, a Arewa labarin yake gudana. Wata mata ce ake ce mata AO, an haife ta da nakasa, daga baya kuma ta yi haɗarin mota, aka sa mata ƙafafu da hannu na ƙarfe masu aiki da na'ura. Rana ɗaya a kasuwa wasu maza suka taru a kanta suna cewa ita ba mutum ba ce, ta kare kanta, aka yi kisa, bidiyo ya watsu a duniya, sai ta gudo Arewa. A hanya ta haɗu da wani Bafulatani makiyayi, ana ce masa DNA, shi ma gudu yake, an far wa garkensa an ce ɗan ta'adda ne, shanu biyu kawai suka rage masa. Ka ji fa. Shanu biyu. Wallahi da na zo wurin nan sai da na rufe littafin na yi shiru, don duk wanda ya taɓa ganin makiyayin da aka raba da dabbobinsa ya san ba dukiya kaɗai aka ɗauke masa ba. Sannan ga wata guguwar yashi mai girman gaske da ba ta tsayawa dare da rana, wani babban kamfani ya kakkafa injina yana tatsar wutar lantarki daga iskarta yana sayarwa. Wa ya ci riba, wa ya rasa wurin kiwo? Ai ka gane inda aka dosa.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai wuraren da za ka ji cewa marubuciyar ba a cikinmu ta tashi ba. 'Yar ƙabilar Ibo ce haifaffiyar Amurka, wani abin na Fulani daga nesa ta hango shi. Amma ta ba makiyayin nan mutunci, ta sa shi ya zama mutum mai hankali da tausayi, abin da jaridu da yawa ba sa yi. Wannan ya ishe ni.

In ka gama shi kana son nata kuma, akwai Binti na 2015, ɗan ƙarami ne, zama ɗaya za ka cinye shi. Akwai kuma Rosewater na Tade Thompson, Nijeriya ce a shekarar 2066, wata halitta daga sararin samaniya ta kafa wani abu kamar ƙatuwar kubba, gari ya taru a kewayenta don tana buɗewa sau ɗaya a shekara marasa lafiya su warke. Ya ci kyautar Arthur C. Clarke ta littattafan kimiyya a 2019. Sai dai na manya ne, kada ka bar shi inda yara za su ɗauka.

To yanzu bari in zo kan maganar da wani ɗan'uwa ya jefa a nan, wai ai irin wannan rubutu na Turawa ne, Bahaushe ba shi da shi. Malam, da girmanka, ban yarda ba. Kuma a ce mutumin Zariya ne ya faɗi haka, shi ne ya fi yi min ciwo. A garin nan fa aka shirya gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Ganɗoki ba har ƙasar aljanu ya je ba? In wannan ba labarin almara ba ne, mene ne? Sai Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, kamfanin buga littattafai na NNPC na nan Zariya ya buga shi a 1969, shekarar da Amurkawa suka taka wata. Yaro ne, Kilba, wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauke shi ya yi yawo da shi a sararin samaniya. Da Hausa. Fiye da shekara 50 ke nan.

Ni a da ina da kwafinsa, na mahaifina ne, bangon ya yage ya liƙe shi da takardar buhun siminti, ya rubuta sunansa da ajami a ciki. Shi na fara karantawa da fitilar ƙwai a ɗakin kakata a cikin birni, in na gaji in fito tsakar gida in ɗaga kai ina neman ko zan ga wutsiyar. Muna Samaru wani abokin zamana ya ara, ya ce sati ɗaya. Muka gama karatu, muka yi bautar ƙasa, ya yi aure, na yi aure. Na tuna masa ya fi sau goma. Da farko ya ce yana gida, daga baya ya ce ƙanwarsa ta ɗauka, ƙarshe ya ce min wai littafin yara ne nake ta da jijiyar wuya a kansa. Ba littafin ba ne, rubutun hannun Baba ne a ciki, kuma Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Na yafe masa, amma har gobe in na wuce masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a Sabon Gari sai na tsuguna na duba ko zan ga bangon simintin nan. Shi ya sa, ƙanena, ka ji ni da kyau, zan ba ka aron Noor, amma a gidana za ka… a'a, bar shi, kai ba haka kake ba. Ka zo ka ɗauka.

Ina muka tsaya? Yauwa, na aljanu. The Adventures of Amina al-Sirafi na Shannon Chakraborty, 2023. Mace ce Musulma, tsohuwar shugabar 'yan fashin teku a tekun Indiya wajen ƙarni na 12, ta tuba ta koma tana renon 'yarta, aka zo aka ja ta aiki na ƙarshe. Abin da ya burge ni, tana sallah, tana tuna zunubanta, tana tsoron Allah, ba a mai da addininta kayan ado ba. Za ka ji ƙamshin Dare Dubu da Ɗaya a ciki.

Na ban tsoro kuwa guda ɗaya tak zan ba ka, Frankenstein in Baghdad na Ahmed Saadawi. Na ce sababbi ko? To wannan ya ɗan kwana biyu, da Larabci ya fito a 2013, fassarar Turanci kuma 2018. Kai da ka yi Islamiyya sosai ka nemi na Larabcin. Wani mai sayen tsofaffin kaya ne a Bagadaza, Hadi, yake tsintar sassan jikin waɗanda bam ya tarwatsa, yana ɗinke su wuri ɗaya don a samu gawa cikakkiya a yi mata sutura kamar kowa. Sai gawar ta tashi. Kowane sashe na jikinta yana neman fansar mai shi. In lokaci ya ja sai naman ya ruɓe ya faɗi, dole ta nemi sabo, har ta kai tana kashe wanda bai ji ba bai gani ba don ta ci gaba da rayuwa. Akwai wata tsohuwa Kirista da ta ɗauka ɗanta ne da ya ɓace a yaƙin Iraƙi da Iran ya dawo, tana ba shi kayan ɗan ya sa. Wurin nan ne ya karya min zuciya.

Mu da muka ga abin da ya faru a sakatariyar Sabon Gari a watan Yulin 2015, mutane sun je tantance ma'aikata da safe ba su dawo ba, ba za mu karanta littafin nan kamar sauran mutane ba. Ni kwana uku na yi ban iya komawa kansa ba. Don haka kada ka fara shi da daddare kai kaɗai, kuma in ka ji ya yi maka nauyi ka ajiye, babu dole.

Ga motata ta zo. Ina gida bayan la'asar, ka biyo ta Tudun Wada ka karɓa.